Komawar Boaz Bakin Tukunya

Boaz mutumin Numan ne, amma shekara goma sha ɗaya ya yi a Jimeta yana dafa madara. Kamfanin da yake wa aiki ƙarami ne, a gefen titin da ya haɗa Jimeta da Yola Gari, mallakin wani dattijo da kowa ke kira Bappa Ishaku. Da sassafe matan rugagen Mbamoi da Yolde Pate ke sauke madara galan-galan. A tace ta, a juye a wata tukunyar ƙarfe da ta fi mutum tsayi, daga nan kuma sai abin da Boaz ya ce. Akwai agogon awon zafi a jikin tukunyar, akwai ƙararrawa, amma shi da kunne yake aiki. Yakan gaya wa sababbin ma'aikata cewa madara murya uku gare ta: da fari tana gunaguni, can sai ta soma waƙa, wanda kuwa ya bari ta kai ga faɗa ya yi asarar wuninsa.

A damunar 2015, wata rana da yamma, bel ɗin injin ya tsinke. Boaz ya cire rigar aiki ya hau keke zuwa kasuwar Jimeta. Yana tsaye yana jujjuya sabon bel, mai kayan yana rantse-rantse yana cewa, "Oga, dis one na orijina, wallahi tallahi," sai duniya ta yi fari fat. Wannan rantsuwar ta ɗan kasuwa ita ce magana ta ƙarshe da ya ji sarai da kunnensa.

A asibiti ya farka, ashe bam ne ya tashi a kasuwar. Matarsa Rebeka na zaune a bakin gado, bakinta na motsi, hawaye na bin kumatunta, amma babu ko ƙis. Ya zaci mafarki yake. Abin ya yi masa kama da sa'ad da yake yaro in ya nutsa a Binuwai, ya buɗe ido a ƙarƙashin ruwa, ya hango ƙafafun abokansa na wutsil-wutsil can sama, komai na tafiya a hankali, komai da nisa. Ya jira ya taso sama, bai taso ba. Kwana uku bayan haka likita ya rubuta masa a takarda cewa kunnen dama ya tafi ke nan, na hagu kuma abin da ya rage ba ya da yawa.

Wata biyar ya yi a gida kafin ya koma aiki. Bappa Ishaku ya tarbe shi tun daga bakin ƙofa, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Dattijon ya riga ya faɗa wa kowa cewa muddin yana raye ba mai sallamar Boaz, tunda aiken kamfani ne ya kai shi kasuwa. Sai dai injiniyan kamfanin, wani saurayi marar yawan dariya mai suna Mu'tasim, ya ce wanda ba ya jin ƙararrawa ba zai tsaya a bakin tukunya ba. Ba wanda ya ga laifin maganarsa. Aka ajiye wa Boaz farar kujerar roba a ƙofar sito, aka ba shi makulli, in an zo ɗaukar kwali ya buɗe, in an gama ya rufe.

Kowa ya yi masa kirki, kirkin ne ma ya fi yi masa ciwo. Mai wucewa ya ɗaga masa hannu, wani ya ajiye masa ƙosai a takarda, wata ta dafa ƙirji ta ɗan rusuna, duk su wuce. A taron safe da ake yi a gindin dalbejiya, yakan tsaya a baya yana kallon bakuna na buɗewa suna rufewa kamar na kifi. In ya ga kafaɗu na rawa ya san an yi abin dariya, sai ya yi tasa a makare. Wata rana ya zo ya tarar da kamfani a rufe, ashe tun jiya aka sanar da hutu a taron, ba wanda ya tuna da shi.

Don haka ya riƙa tafiya yana zaune. Da zarar rana ta ɗaga, inuwar dalbejiya ta soma rarrafe a kan siminti, sai kujerar ta zame masa kwalekwalen babansa. Ya ga inda Gongola ke shiga Binuwai, ruwa biyu launi biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Ya ga mata na shanya kifi a kan yashi, ya ga farar balbela na sauka a bayan shanu. A can ne kawai yake ji: yana jin filafili na tsaga ruwa, yana jin babansa na kiran sunansa daga ɗaya gaɓar. Sai wani ya taɓa kafaɗarsa yana nuna ƙofar sito, ya dawo.

Da ya cika wata huɗu a kan kujerar, ya zauna ya rubuta takardar ajiye aiki. Rebeka ta karanta, ta ninke, ta ajiye masa a aljihun riga. Ta san mijinta ba mai cin abin sadaka ba ne.

Wadda aka kai wa takardar ita ce Nahla, 'yar wani tsohon gida a Yola Gari, wadda Bappa ya ɗauka ba da daɗewa ba don ta kula da al'amuran ma'aikata, hutunsu da rashin lafiyarsu da 'yan rigingimunsu. Ta girme wa kaɗan ne a cikinsu, amma kowa Adda yake ce mata, wato yaya. Ta nuna masa kujera, ta karanta takardar har sau biyu. Sannan ta juya bayan takardar ta yi rubutu ta tura masa, tana kiransa da sunan 'yarsa yadda aka saba.

"Baban Debbie, an gaya mini abin da aka yi maka. Ba wanda ya gaya mini abin da kai kake so. Me kake so?"

Ya daɗe yana kallon rubutun. Tun ranar kasuwa ake yanke shawara a kansa, likita ya yanke, Bappa ya yanke, Mu'tasim ya yanke, duk da kyakkyawar niyya. Ya buɗe baki, bai san ko muryarsa ta fito da ƙarfi ko a hankali ba.

"Adda, tukunyata nake so."

Ta rubuta: "Ƙararrawar fa?"

"Ban taɓa jiran ƙararrawa ba," in ji shi. "Amma gaskiyar injiniya ne. Yanzu ko madara ta yi ihu ba zan ji ba."

Nahla ta sa biro a baki tana kallon silin. Can ta buɗe aljihun tebur ta jefa takardarsa ciki, ta rubuta a wata sabuwa: "Ba ni mako biyu. In ban yi komai ba, ni da kaina zan sa mata hannu."

Washegari ta zo taron safe da allo irin na makarantar firamare, ta jingina shi a jikin dalbejiya. Ta ce daga yau duk abin da aka faɗa a nan sai an rubuta, ta kuma jawo Boaz daga baya ta tsayar da shi gaba. Sannan ta jefa wa taron tambaya, ta rubuta ta da alli yadda zai gani: yaya za a yi Baban Debbie ya koma bakin tukunya ba tare da an jefa shi ko wani cikin haɗari ba?

Boaz ya ga Mu'tasim na girgiza kai yana magana da sauri. Nahla ta rubuta a taƙaice: "Ya ce tururi ba ya jiran kowa." Aka yi ta kai da komo. Direban motar rabon kaya ne, wani mai suna Bawa, ya ce shi kam in man motarsa ya kusa ƙarewa ba ihu take yi masa ba, jar fitila take kunnawa. Mu'tasim ya matso kusa da allo. Aka ga ya karɓi allin daga hannun Nahla ya soma zane, waya daga ƙararrawa zuwa ƙwan fitila, ɗaya a saman tukunya, ɗaya a bango, ɗaya a bakin ƙofa. Yana zanen yana ɓata fuska, amma bai ajiye allin ba sai da ya gama.

Nahla ba ta tsaya nan ba. Ta nemo wata malama mai suna Virtue da ke koyar da kurame, ta riƙa zuwa duk Alhamis bayan an tashi, tana koya wa ma'aikata maganar hannu. Da farko kunya ta hana mutane, manya da gemu suna murɗa yatsu kamar masu wasan yara. Wadda ta karya kunyar ita ce Gogo Zinariya, tsohuwar da ke wanke galan a bayan kamfani. Daga Gulak ta gudo da ƙafa shekarar da garin ya faɗa hannun 'yan ta'adda, ta kwana a duwatsu, ta ƙare a gidan wata 'yar'uwarta a Yolde Pate. Ba ta karatu ba ta rubutu, don haka allon Nahla bai amfane ta da komai ba, tun dawowar Boaz kuma ba ta sami hanyar ce masa ko sannu ba. Cikin wata guda ta wuce kowa. Ita ta raɗa wa mutane sunayen hannu: Bappa shi ne shafa gemu, Nahla biro a baki, Mu'tasim kuwa yatsa biyu a tsakanin gira, saboda yawan ɓata fuskarsa. Shi Boaz, hannu na juya ludayi.

Ranar da ta fara haɗa masa magana cikakkiya, cewa ta yi, "Ka rame. Matarka ba ta iya tuwo ba ne?" Boaz ya yi dariya har ya dafa bango, a kan lokaci wannan karon, tare da kowa.

Ya koma bakin tukunya ranar wata Litinin. Ya ɗora tafinsa a jikin ƙarfen, ya ji gunagunin madarar na hawowa ta hannunsa har kafaɗa. Ba kamar da ba ne, amma ya gane ta. Abin mamaki, a ɗakin injin da mutane suka saba yi wa juna ihu, sai ga shi an koma magana da hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, har masu kunne lafiya suka ce haka ya fi musu sauƙi.

Mako na uku ne abin ya faru. Hantsi ne, hasken rana na shigowa ta tagar sama yana ratsa tururi. Boaz na tsaye yana kallon yadda tururin ke murɗawa fari fat, sai farin ya buɗe. Ya ga rumfunan kasuwa. Ya ga mai kayan inji da bel a hannu, bakinsa na motsi. Ya ga wata mata da tiren mangwaro a ka tana tafiya a hankali, a hankali, mangwaron na tashi sama ɗaya bayan ɗaya ba sa faɗowa. Ya so ya ce mata ta koma, ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Can gefe wani jan abu na ƙiftawa, ya ɗauka wani abu ne na kasuwar.

Ƙaurin ne ya dawo da shi. Mu'tasim ya riga ya faɗo ɗakin ya kashe wuta, kumfa na malala a ƙasa, madarar ranar duka ta ƙone. Ma'aikata suka cika ƙofa. Bawa ya yi saurin nuna fitilar yana juya hannu, wai ko ita ce ta ƙi kamawa. Hanya ce ya buɗe masa, Boaz ya gani.

"Fitila ta kama," in ji Boaz. "Ukun duka sun kama. Ni ne ba na nan."

Da la'asar Nahla ta kira shi ofis, ta kira Mu'tasim. Boaz ya shiga da shirin karɓar tsohuwar takardarsa. Ta tambaye shi da hannu, a hankali don ba ta ƙware ba, ina ya tafi. Ya gaya mata. Ya ba ta labarin matar nan mai mangwaro, wanda ko Rebeka bai taɓa gaya wa ba. Ya ce wani lokaci kogi ne, wannan ba ya damunsa, amma wani lokaci kasuwa ce, kuma ba ta sallama kafin ta zo.

Yana magana yana satar kallon Mu'tasim, yana jiran ganin yatsa biyun nan na tsakanin gira. Sai ya ga saurayin ya sunkuyar da kai. Mu'tasim ya jawo takarda ya yi rubutu mai tsawo, ya tura wa Boaz, ba Nahla ba.

"Hamma Boaz, ƙanena Umair yana karatu a Mubi lokacin da aka shiga garin. Har yau ba mu gan shi ba, ba mu ga gawarsa ba. In ka ga na shiga ɗakin janareta na rufe ƙofa, ba gyara nake yi ba. Can ne kawai ba mai jin kukana. Da na ce kada a mayar da kai tukunya, tsoro nake ji kada wani ya sake ɓacewa a hannuna."

Boaz ya karanta, ya ɗaga kai. Su biyun suka zauna suna kallon juna, fankar sama na juya takardun tebur. Nahla ta tashi ta fita ta ja musu ƙofa.

Kwana biyu bayan haka ta sami Bappa Ishaku da buƙatu. Kada a sake barin mutum ɗaya a bakin tukunya, ko waye shi, a riƙa tsayawa bibbiyu ana canji. A gyara tsohon ɗakin kwalaye a sa tabarma da randa, duk wanda ya ji kansa ya yi nauyi ya shiga ya huta ba sai ya yi bayani ba. Sannan wata likita mai sauraron waɗanda tashin hankali ya taɓa ta riƙa zuwa sau biyu a wata. A gindin dalbejiya aka yi maganar, Bawa na fassara wa Boaz da hannu.

Bappa ya shafa gemu ya ce, "Nahla, ni kamfanin madara na buɗe ko asibiti?"

Gogo Zinariya ce ta amsa daga inda take tsugune da soso a hannu. "Bappa, kai da ka tashi a cikin shanu? Ko saniya in hankalinta bai kwanta ba, ba ta sakin nono."

Dattijon ya dube ta, ya dubi ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya, kamar yau ya fara ganinsu. Ya san akwai wata ma da ta gudo daga Michika, ya san wanda gidansa ke cike da 'yan gudun hijira goma sha bakwai, amma bai taɓa haɗa su wuri ɗaya a ransa ba. Ya ce a yi.

Ranar farko da likitar ta zo ba wanda ya shiga, kowa na tsoron a ce ya taɓu. Boaz ya wanke hannu ya ratsa tsakar kamfani a gaban kowa ya shiga, Malama Virtue na biye don ta yi masa tafinta. Da ya fito, Mu'tasim na tsaye a bakin ƙofa yana jiran layi. Zuwa na uku sai da aka ƙara benci.

Kasuwar ba ta daina zuwa masa ba gaba ɗaya. Amma ya koyi gane alamunta, wani sanyi da ke fara kama tafin hannunsa. In ya ji shi sai ya taɓa abokin aikinsa ya nuna ƙofa, ya je ya kwanta a tabarma yana kallon rufin kwano har abin ya wuce. Daga sau biyu a mako ta koma sau ɗaya a wata, daga baya sai damuna zuwa damuna.

Yau Boaz ne shugaban ɗakin tukunya, tukwanen ma sun zama uku. Kurame huɗu ke aiki a kamfanin, biyu daga cikinsu tsofaffin ɗaliban Malama Virtue ne, kuma duk sabon ma'aikaci sai ya zauna darasin Alhamis kafin a ba shi farar riga. Mu'tasim ya yi aure, ya sa wa ɗansa na fari sunan ƙanensa, Boaz da Rebeka suka je suna har Yola Gari da buhun shinkafar Numan. Nahla na nan a ofishinta, yanzu har wasu kamfanoni na gayyatarta ta yi musu bayanin yadda aka yi, takan ce musu ita ba ta yi komai ba, direba ne da mai wanke galan suka yi.

Bara Gogo Zinariya ta ce ƙafafunta sun gaji, kuma an ce mata hanya ta yi kyau, mutane sun koma noma, tana so ta ga Gulak tun idonta na gani. Aka yi mata walima, aka haɗa mata atamfa da tukwane da 'yar akuya da Bappa ya ce lalle sai ta tafi da ita. Boaz ne ya kai ta tasha da safe. Ya tabbatar an ɗaure akuyar da kyau, ya samo mata kujerar gefen taga, ya tsaya a rana yana jira mota ta cika.

Tashar na ta hayaniyarta, 'yan kamasho na ɗaga hannu, masu talla na kewaya motoci, shi kuwa yana kallonsu cikin shirunsa. Gogo ta ƙwanƙwasa gilashi ta yi masa magana da yatsunta masu tauri. Ta ce ya gaya wa sabuwar mai wanki kada ta yi ƙyashin ruwan zafi. Ta ce in gyaɗarta ta yi, za ta aiko wa Rebeka. Ta ce ya daina tsayawa a rana haka, shi ba yaro ba ne.

Motar ta motsa. Ya bi ta da ido har ta fita ƙofar tasha ta hau titi, hannun tsohuwar na waje yana ta faɗin wani abu da nisa ya hana shi karantawa. Ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya tare keke, don madarar Mbamoi ta riga ta iso.